Baldur's Gate: da tsohon za ka fara ko da sabon?

Tun da Baldur's Gate 3 ya fito a watan Agusta na 2023 ya kwashe manyan kyaututtukan shekarar, tambayoyi biyu ke yawo a bakin masu son wasannin kwamfuta. Lambar 3 da ke jikin sunan tana nufin sai an buga na ɗaya da na biyu kafin a taɓa shi? Idan kuma kwamfutar mutum ba za ta iya ɗaukar sabon ba, tsofaffin sun cancanci a ba su lokaci, ko tarihi ne kawai da ake girmamawa daga nesa? Amsata ita ce ba sai ka buga tsofaffin za ka gane sabon ba. Na biyun kuma, wanda ya fito a 2000, ba na maneji ba ne, don har yau yana da abubuwan da sabon bai kamo shi a kai ba. Abin da zai raba maka gardama shi ne na'urar da ke hannunka, da yawan haƙurinka, da wurin da za ka zauna ka buga.

Tushen duka ukun shi ne Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutane ne ke zama, ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da yawunsa, ana jefa ɗan lido don a ga ko abin da jarumin ya yi niyya ya yiwu. An daɗe ana mayar da shi wasan kwamfuta, amma a tsakiyar shekarun 1990 kasuwar irin waɗannan wasanni ta yi sanyi. A daidai lokacin, a 1995, wasu likitoci uku a garin Edmonton na Kanada, Ray Muzyka da Greg Zeschuk da Augustine Yip, suka kafa kamfanin BioWare. A Disambar 1998 kamfanin ya fitar da Baldur's Gate a faifan CD biyar, ta hannun kamfanin Interplay da reshensa Black Isle. Na biyun, Shadows of Amn, ya biyo baya a Satumbar 2000, sai ƙarin da ya rufe labarin, Throne of Bhaal, a 2001.

Abin da waɗannan wasanni suka bari ya fi ƙarfin sunansu. Da manhajar da aka gina su a kanta, Infinity Engine, aka yi Planescape: Torment a 1999 da Icewind Dale a 2000. Al'adar tafiya da abokai masu baki da ra'ayi, waɗanda za su yi maka gardama, su yi fushi, su so ka ko su bar ka, BioWare ya ɗauke ta ya kai cikin Knights of the Old Republic a 2003, da Mass Effect a 2007, da Dragon Age: Origins a 2009. Black Isle ya soma aikin na uku, amma aka soke shi a 2003, aka rufe reshen a ƙarshen shekarar. Da manyan kamfanoni suka juya wa salon baya, masu wasa da kansu suka tara wa kamfanin Obsidian kusan dala miliyan 4 ta shafin tara kuɗi na Kickstarter a 2012 don a yi musu wani irinsa, aka sami Pillars of Eternity a 2015. A 2012 ɗin ne kuma Beamdog, kamfanin da tsofaffin ma'aikatan BioWare suka kafa, ya gyara na ɗaya ya sake fitar da shi da sunan Enhanced Edition, na biyu kuma a 2013. Waɗannan gyararrun su ne ake sayarwa yanzu, kuma su nake nufi duk inda na ce tsofaffin.

Na ukun wasu mutane ne daban suka yi shi: Larian Studios na garin Ghent a Beljiyam, ƙarƙashin Swen Vincke, waɗanda suka yi suna da Divinity: Original Sin II a 2017. Shekara 23 ke tsakaninsa da na biyu. Dokokin wasan sun sauya daga bugu na biyu na Dungeons & Dragons zuwa bugu na biyar, labarin kuma ya yi tsalle na sama da shekara 120 a cikin duniyar wasan, da sabon jarumi da sabuwar matsala. Shi ya sa wanda bai san tsofaffin ba ba zai ɓata ba.

Na'urar da ke hannunka

Ga yawancinmu a nan maganar take ƙarewa tun ba a fara ba. Baldur's Gate 3 yana neman wuri har gigabait 150 a ma'ajiya irin ta SSD, da RAM aƙalla gigabait 8, da katin hoto kamar GTX 970 ko RX 480 a matsayin mafi ƙaranci. Laftof ɗin ofis ko na makaranta ba zai ɗauke shi yadda za a ji daɗi ba. Yana kan PlayStation 5 da Xbox Series, amma babu shi a PlayStation 4, wanda shi ya fi yawa a gidaje da shagunan buga gem a wajenmu. Babu shi a waya. Sauke shi kaɗai zai ci data sama da gigabait 100, kuma kuɗinsa a kwamfuta dala 59.99 ne idan ba a yi ragi ba. Ko kana da laftof mai ƙarfi, batir ba ya jimawa da shi, don haka sai inda wuta ta zauna ko akwai sola. Kashi na uku na wasan, inda ake shiga cikin birni mai cike da jama'a, ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba. Kada ka auna ƙarfin na'urarka da yadda farkon wasan ya tafi lafiya.

Tsofaffin kuwa kowanne bai wuce gigabait 5 ba. Tsohon laftof zai ɗauke su ba tare da ya yi zafi ba. Suna kan Android tun 2014, suna kan iPhone da iPad, kuma a 2019 an haɗa su biyun an fitar a PlayStation 4 da Xbox One da Switch. A kwamfuta kowanne dala 19.99 ne, ana kuma yawan karya farashinsu, a waya bai kai haka ba. Da ka sauke ba ka buƙatar intanet. Abu guda zan ja kunnenka a kai: an tsara su ne don linzamin kwamfuta da babban allo. A ƙaramar waya rubutu yana ƙanƙancewa, taɓa maƙiyi guda a cikin cunkoso da yatsa kuma aiki ne. Akwai wurin ƙara girman rubutu, amma in da hali ka nemi tablet ko laftof.

Yadda ake faɗa

Wannan shi ne bambancin da ya fi raba masoya wasannin biyu, kuma ya kamata ka san kanka a kai kafin ka kashe kuɗi.

A tsofaffin kana jan ayari na mutum shida, kana kallonsu daga sama, ƙanana a kan zanen da aka yi da hannu. Da faɗa ya kaure kowa yana motsi lokaci ɗaya, naka da na abokan gaba. Kai ne za ka danna maɓalli ka tsayar da komai, ka ce wa mayaƙi ya tare gaba, maharbi ya ja baya, matsafi ya soma karanta sihirinsa, sannan ka saki. Bayan daƙiƙa biyu ka sake tsayarwa. Ƙananan faɗace-faɗace suna wucewa nan da nan, wanda alheri ne, don suna da yawa. Manya kuma sai ka riƙa tsayarwa kana karanta rubutun da ke gudana a ƙasan allo don ka gane me ya sa takobinka ba ya cin wannan matsafi. A na biyun faɗa da matsafa ilimi ne mai zaman kansa. Sukan lulluɓe kansu da kariya hawa-hawa, kowace da sihirin da ke warware ta, kuma wasan ba zai zaunar da kai ya koya maka ba. Sai ka karanta bayanin kowane sihiri da kanka, ka sha kashi, ka dawo da wata dabara.

Dokokin bugu na biyu suna da nasu murɗiya. Lambar sulke tana ƙara kyau ne idan tana raguwa, wato mai -2 ya fi mai 5 kariya. Haka lambar da suke kira THAC0, wadda ke nuna ƙwarewa wajen kai sara: ƙarama ta fi babba. Ba kowace kabila ce ke iya kowace sana'a ba, misali wada ba ya zama matsafi. Idan kuma ka yi kuskure wajen gina jaruminka, babu gyara sai dai haƙuri ko sabon farawa. Beamdog ya ƙara wani mataki mai sauƙi da ake kira Story Mode, inda mutanenka ba sa mutuwa, don wanda labarin kawai yake so. Babu abin kunya a ciki, amma ni na fi ba da shawarar matakin da ke sama da shi kaɗan, domin tsoron mutuwa yana cikin abin da ke sa ka damu da ayarinka.

A sabon mutum huɗu ne, kuma faɗa bi da bi ake yi kamar dara: ka yi naka, ka jira abokin karawa ya yi nasa. Babu gaggawa, wasan kuma yana nuna maka kashi nawa cikin ɗari saranka zai samu kafin ka kai shi. Ƙasar da ake faɗan a kanta ma makami ce. Wanda ya hau tudu ya fi samun sa'ar harbi, za ka iya hankaɗa maƙiyi ya faɗa rami, ka zuba mai ka cinna wuta, ka jiƙa wuri da ruwa ka sakar masa walƙiya, ko ka ɗaga ƙaramin maƙiyi ka jefi ɗan'uwansa da shi. Kusan kowane faɗa an zauna an tsara shi, ba a cika maimaita iri ɗaya ba. Kabila 11 ce da sana'a 12, kowa yana iya zama komai, kuma da zinari 100 wani dattijo a sansaninka mai suna Withers zai bar ka ka sake gina jarumi daga tushe. Ga sabon shiga wannan rahama ce babba. Illarsa ita ce jinkiri. Idan maƙiya suka kai ashirin, za ka zauna kana kallon kowanne yana ɗaukar nasa lokacin, faɗa guda ya cinye maka rabin awa ko fiye.

Wanda bai taɓa buga irin wannan wasa ba zai fi saurin gane sabon, wannan babu ja. Wanda ya saba da wasannin yaƙi inda ake jan runduna da linzami zai ji tsofaffin sun zauna masa a hannu.

Tsakanin tsofaffin biyu

Mutane sukan haɗa su a baki ɗaya, alhali ɗanɗanonsu ya bambanta sosai. Na ɗaya yana farawa a Candlekeep, wata ganuwa da ke cike da littattafai, inda wani dattijo Gorion ya rene ka. Dare ɗaya ya ce ku gudu, a hanya wani mai baƙin sulke ya tare ku ya kashe shi, ka wayi gari a daji ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba. Kana matakin ƙarfi na ɗaya, rauninka kuma na gaske ne: matsafi yana farawa da ran da bai wuce maki huɗu zuwa shida ba da sihirin da zai yi sau ɗaya ko biyu kafin ya kwanta barci, kyarkeci guda yana iya gamawa da shi. Labarin yana tafiya a hankali ta kan matsalar ƙarfe. Ƙarfen da ake haƙowa a Nashkel ya lalace, takubba suna karyewa, 'yan fashi sun tare hanyoyi, ƙasashe biyu suna shirin yaƙi, kai kuma kana bin zaren har ka gano masu cin riba. Birnin da aka sa wa wasan sunansa ba za ka shige shi ba sai a babi na biyar. Kafin nan daji ne, fili bayan fili, wani da abin mamaki a ciki, wani babu komai sai itatuwa da kukan tsuntsaye. Akwai masu son wannan shirun, ina cikinsu, amma ba zan ɓoye maka cewa nan ne mutane da yawa ke ajiye wasan ba. Abokan tafiya 25 ne a asalin wasan, sai dai yawancinsu da sun shiga ayari maganarsu ta ƙare, sai 'yan kalmomi jefi-jefi.

Na biyun ya gyara kusan duk wannan. Kana farawa da ƙarfinka, wajen mataki na bakwai ko takwas, a kurkukun wani matsafi Jon Irenicus, wanda ɗan wasan kwaikwayo na Ingila David Warner ya yi wa murya mai sanyi da ban tsoro. Kuna kuɓuta zuwa birnin Athkatla sai hukumar matsafan birnin ta kama shi tare da Imoen, yarinyar da kuka tashi tare. Sai wani ya zo ya ce akwai masu iya kai ka inda take, amma sai ka kawo zinari 20,000. Daga nan wasan ya sake ka.

A ganina wannan babi na biyu shi ne mafi kyawun abin da aka taɓa yi a duk jerin, har da sabon. Neman kuɗi ya ba ka dalilin karɓar kowane aiki, ayyukan kuma kowanne labari ne cikakke. Wata 'yar sarauta Nalia tana neman a ƙwato mata gidan mahaifinta daga dodanni. A mashayar Copper Coronet akwai masu cinikin bayi a bayan gida. Dabbobin daji sun yi wa garin Trademeet ƙawanya, mutane suna ɓacewa a tsaunukan Umar, wani attajiri kuma ya ɗauke ka aiki a Windspear alhali da wata manufa a ransa. Kowace sana'a tana da gidan da za ta iya mallaka: mayaƙi ya gaji ganuwar su Nalia yana sauraron ƙarar talakawa, ɓarawo ya riƙe reshen ƙungiyar ɓarayi, mawaƙi ya sami gidan wasan kwaikwayo. Birnin ma yana da dokarsa, don in ka yi sihiri a titi ba tare da ka sayi lasisin zinari 5,000 ba, hukuma za ta dira a kanka. Za ka iya shafe awanni da dama a nan ba ka taɓa babban labarin ba, kuma ba za ka ji ana cika maka lokaci da shara ba.

A asalin wasan abokan tafiyar ba su kai ashirin ba, amma mutane ne. Keldorn dattijon jarumi ne da ya ba da rayuwarsa ga hidimar ƙungiyarsa. Ranar da kuka raka shi gida sai ya tarar matarsa ta gaji da zaman jira ta kula wani, 'ya'yansa kuma sun zama baƙi a gare shi. Doka ta ba shi damar kai ƙara, ya juyo yana tambayarka abin yi. Anomen matashi ne mai girman kai da aka kashe masa 'yar'uwa, mahaifinsa yana tunzura shi ya ɗau fansa. Shawarar da ka ba shi ita ke yanke ko zai ci jarrabawar zama jarumi ko zai lalace. Ka haɗa Keldorn da Viconia, wata abokiyar tafiya da ba sa ga maciji, a ayari ɗaya, wata rana za su zare wa juna makami. Ga kuma Minsc, ƙato mai zuciyar yaro, da ɗan ɓeransa Boo da yake neman shawara a wurinsa, da Jaheira mai kaifin harshe da ke ɗauke da makokin mijinta. Duk wannan da rubutu ne da 'yan muryoyi da hoton fuska guda da ba ya motsi, amma yana zama a rai.

Abin da za ka rasa in ka tsallake na ɗaya shi ne sirrin haihuwarka, wanda shi ne ƙarshen wancan labarin, kuma na biyun yana faɗa maka shi tun a mintunan farko. Za ka kuma rasa daɗin ɗaukar jarumi guda tun yana gudun kyarkeci, ka wuce da shi na biyu da Throne of Bhaal, har ya haura mataki na 30. Sabon ba shi da irin wannan doguwar tafiya, don a mataki na 12 yake tsayawa. Akwai kuma Siege of Dragonspear da Beamdog ya yi a 2016 don cike tsakanin na ɗaya da na biyu. Ba laifi, amma ba dole ba ne.

Inda sabon ya yi zarra

A Baldur's Gate 3 wasu halittu masu cin ƙwaƙwalwa ne suka sace ka, suka saka maka tsutsa ta ido wadda za ta mayar da kai irinsu. Jirginsu ya faɗo, kai da wasu da aka yi wa irin wannan kuka haɗu kuna neman magani. Cikin 'yan awanni za ka tara Shadowheart da Lae'zel da Astarion da Gale da Wyll da Karlach, kowanne da sirrinsa da wanda ya riƙe masa wuya. A nan kana ganin fuska, kana ganin ido ya kaɗa, kana jin murya ta karye. Neil Newbon, wanda ya yi Astarion, ya ci kyautar gwarzon ɗan wasan kwaikwayo a bikin The Game Awards na 2023, wasan kansa kuma ya zama gwarzon shekara a can da bikin BAFTA na Birtaniya da wasu manyan wurare uku.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wasan yake amsa duk abin da ka yi. A kashi na farko akwai 'yan gudun hijira da suka fake a wani kurmi, ga sansanin goblin, wasu ƙananan dodanni, yana shirin afka musu. Kana iya kare su, kana iya shiga sansanin da lalama ka kashe shugabanni ɗaya bayan ɗaya, kana iya zuba guba a abin shansu, kana kuma iya haɗa kai da maharan, wanda zai sa Wyll da Karlach su rabu da kai, mutanen da za ka sake gani a gaba kuma su tafi har abada. Idan ka yi yunƙurin shawo kan wani, ɗan lido mai fuska 20 yana juyawa a gabanka, kuma faɗuwa ba ta tsayar da labari, wata hanya take buɗewa. Kana iya magana da dabbobi, kana iya yi wa gawa tambayoyi. Tsofaffin ba su da wannan yalwa. A can yawancin matsaloli da takobi suke ƙarewa, zaɓin mugunta kuma sau da yawa bai wuce rashin mutunci da neman ƙarin lada ba.

Sai wasa da abokai. Mutum huɗu suna iya bugawa ta intanet, biyu kuma a allo ɗaya a raba shi gida biyu. Tsofaffin ma suna da hanyar haɗuwa har mutum shida, amma an gina su ne don mutum ɗaya, kuma ana jin hakan.

Inda na ga ya gaza na biyun shi ne faɗin duniya. Kashi uku ne a jere, kowanne babban fili guda da aka cusa abubuwa kusa da kusa, har sansanin maƙiya da maɓoyar waɗanda suke nema ba su fi tafiyar minti biyu ba. Da ka wuce wani wuri ƙofar baya tana rufewa. Labarin yana ce maka tsutsa za ta cinye ka, wasan kuma yana son ka yi ta kwana a sansani don a nan hirarrakin abokai suke fitowa, wanda ya yi sauri sai ya rasa su. Kashi na uku ya cika maƙil har yana gajiyarwa. Jaheira da Minsc sun dawo, an kuma riƙe su da mutunci, wanda ya san su a da zai ji wani abu da sabon shiga ba zai ji ba. Yadda aka dawo da Viconia kuwa bai yi wa da yawa daga masoyan na biyun daɗi ba, ni ma ina ganin an rage ta. Larian ya sanar a Maris 2024 cewa ba zai yi na huɗu ko wani ƙari ba, babban gyara na ƙarshe kuma ya fito a Afrilun 2025, don haka abin da za ka saya yau kammalalle ne.

Turanci, da abin da ido zai gani

Duka ukun suna son Turanci mai ƙwari. Tsofaffin karatu ne zalla, shafi bayan shafi, da tsohon salo da kalmomin da ba a ji a makaranta, amma rubutun yana jiranka har ka duba ƙamus. A sabon kusan kowa yana magana da murya, ga rubutu a ƙasa, fuska da sauti kuma suna taimaka maka ka gane ko da kalma ta wuce ka. 'Yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi za su sami fassarar Faransanci a duka ukun.

Akwai maganar da masu sharhin ƙasashen waje ba sa tsayawa a kai, mu kuwa dole mu tsaya. Duniyar wasannin nan ƙagaggiya ce mai alloli da yawa da tsafi da aljanu, kuma labarin duka ukun ya ratsa ta kan wani abin bautar kisa mai suna Bhaal. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da irin wannan ba, babu wanda zai dace da shi a cikinsu. Bayan wannan akwai tazara mai faɗi. Tsofaffin an yi musu alamar 'yan shekara 13 zuwa sama a Amurka, soyayyar da ke cikin na biyu kuma hira ce a rubuce. Sabon na manya ne, alamar shekara 18 gare shi a Turai. Akwai tsiraici tun daga wurin ƙirƙirar jarumi, akwai kwanciya a fili, abokan tafiya maza da mata suna iya neman ka ko wane jinsi ka zaɓa, ga jini da azabtarwa da ake nunawa kusa da kusa. Akwai maɓallin rufe tsiraici, kana kuma iya ƙin duk wanda ya neme ka, amma wannan ba ya share komai. Ba wasan da za a kunna a falo gaban yara ko iyaye ba ne, kuma ban ga dalilin saya wa ƙaramin yaro shi ba.

To, wanne?

Idan kana da PlayStation 5 ko kwamfuta mai ƙarfi, kai baligi ne, kana da ɗakin kanka, kuma ba ka taɓa buga irin wannan ba, fara da na uku. Zai koya maka dokokin a hankali, kuma Larian ya ƙiyasta awa 75 zuwa 100 kafin a kai ƙarshe, ka ga kuɗinka ba su tafi a banza ba. In Jaheira ta burge ka, ka koma baya ka ga ƙuruciyarta.

Idan abin da kake da shi tsohon laftof ne, ko tablet, ko PlayStation 4, kada ka zauna jiran ranar da za ka sayi babbar na'ura. Mai haƙuri da son yawo a daji ya fara da na ɗaya, ya ɗauki jaruminsa har ƙarshen Throne of Bhaal. Wanda ya san lokacinsa kaɗan ne, ko ya san in wasa bai kama shi da wuri ba zai ajiye, ya tafi kai tsaye ga Shadows of Amn. Shi nake miƙa wa yawancin masu tambayata. Kurkukun farko yana da ɗan tsawo da duhu, ka daure ka fita, wasan na gaskiya yana waje. A karon farko ka zaɓi mayaƙi ko maharbi, ka bar sihiri a hannun abokan tafiya har ka gane shi. Ka riƙe Jaheira da Minsc, ka riƙa ajiye wasa kafin kowace ƙofa da ba ka san abin da ke bayanta ba, kuma ko kuɗin sun cika kada ka yi saurin biya, ka gama da Nalia da Trademeet da tsaunukan Umar tukuna, don da ka hau jirgin ruwa za ka daɗe ba ka sake ganin Athkatla ba.